Tukunyar da Aka Mayar a Wanke

Ƙarar da aka kawo wa Sufeto Riskuwa ranar Litinin da hantsi ba ta yi kama da ƙara ba. An sace tukunya ranar Juma'a, an kuma dawo da ita. Mai tukunyar kuwa tana kuka kamar an yi mata rasuwa.

Malama Cecilia ce, malamar kimiyya da ke zaune a unguwar Gesse, cikin Birnin Kebbi. Ta yi rumfa a bayan gidanta, ta jera tukwanen ƙasa cike da laka. Tana zuba musu ruɓaɓɓiyar albasa da ruwan wankin shinkafa, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su ci, su fitar da lantarki ta waya. Riskuwa ya taɓa jin labarin a majalisa, ya yi dariya har da riƙe ciki.

Da ya shiga rumfar sai dariyar ta gudu. Kan kowace tukunya akwai ɗan ƙwan fitila, bai fi ƙwayar masara ba, yana kawowa yana ɗaukewa a hankali cikin inuwa. Sufeton ya tsaya kallo, har ya manta abin da ya kawo shi.

"Wacce aka ɗauka?" ya tambaya daga baya.

"Uwarsu, Yallaɓai. Daga lakarta nake ɗiban iri in tayar da sauran. Na yi wa ɗakin haihuwa na wani ƙauye alkawarin fitila kafin damina. In babu lakar nan, babu fitila."

Ga uwar can a gefe, fes. An goge cikinta da toka da buntun shinkafa, babu laka, babu waya. A cikinta an ajiye albasa manya, lafiyayyu.

"Wa kike zargi?"

"Abbas mai janareta. Ya ce zan kashe masa kasuwa."

Riskuwa ya juya albasa ɗaya a hannu. Mai ƙiyayya da tukunya ai fasawa zai yi, ba zai zauna yana darza ta ba. Sai ya tuna mahaifiyarsa, wadda ba ta taɓa mayar da tukunyar aro da datti ko babu komai a ciki ba.

Ya kira Sunusi maigadi.

"Wa ya shigo gidan nan ranar Juma'a, da Malama tana wurin aiki?"

"Ko kaza ba ta shigo ba, ranka shi daɗe."

"Wa ke kawo tukwane?"

Sunusi ya sosa ƙeya. "Inna Baiwa ta, maginiya, daga Argungu. Ai ita 'yar gida ta, kullum da tukunya bisa kai."

"Ta fita da tukunya?"

"Ta ce wagga ta tsage, za ta musanyo. Jiya tad dawo da ita, Malama na coci."

A hanyar Argungu shinkafa ta kwanta kore shar har inda ido ya tsaya, balbelu na tashi suna sauka a cikinta. Barci na ɗibar Sufeto sama-sama, yana ganin fitilun nan cikin idonsa. Cecilia, da ke kujerar baya, ta yi magana kamar da kanta take.

"Mijin Inna Baiwa ne ya ciro mini lakar. Baba Dikko, masunci. Na gwada lakar wurare da yawa, babu mai ƙarfin wadda ya nutsa ya ɗebo daga ƙasan gulbi. Bayan nan idonsa ya rufe, bai ƙara shiga ruwa ba."

Riskuwa ya buɗe ido.

Sun sami Inna Baiwa a tsakar gida tana kwaɓa yumɓu. Gidan a share tas, amma a ƙofar wani ɗaki ga ƙwarya cike da ruɓaɓɓiyar albasa, ƙuda na bi.

"Inna, yaushe rabonki da Birnin Kebbi?"

"Tun watan jiya, ɗana."

"Wannan albasa fa?"

"Ta awaki ta."

"Ina awakin?"

Ta ci gaba da kwaɓa yumɓunta, ba ta ɗago ba. Daga cikin ɗakin sai wata murya ta fito, a sanyaye.

"Baiwa, zo ki gani, ta koma kawowa."

Riskuwa ya yi sallama ya ɗaga asabari. Tsoho ne zaune kan tabarma, fuskarsa dab da wata sabuwar tukunya. An jona wayoyin yadda suke a Gesse, ɗan ƙwan fitila yana kawowa yana ɗaukewa. Idanun tsohon fari fat, amma suna bin hasken.

"Baba, me kake gani?"

"Gulbi, yaro. In ka nutsa ƙasa kad duba bisa, haka rana ka yi. Ta zo, ta ɓace, ta zo. Ni dai ina cikin ruwa tun ran Juma'a."

Inna Baiwa ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta duk yumɓu.

"Ni ce, ɗana, kar ka wahal da kowa. Tun da idonai ya rufe ba shi cin abinci, sai shi juya ma bango baya. Nic ce mishi lakar da yac ciro tana ba da wuta, yac ce ƙarya nike. Tukunya ta Malama ta, ta saya, shi ya sa nim mayar mata a wanke. Waya kau aro ta. Amma laka, da numfashinai yac ciro ta."

"Inna, ko aro ai sai an tambaya," in ji Riskuwa. Tausayi ya kama shi, amma ya faɗi abin da aiki ya ce. "Za ki bi mu ofis. Tukunyar nan ma shaida ce, da ita za mu tafi."

Tsohon ya kai hannu biyu ya rungume tukunyar.

Cecilia ta durƙusa gabansa. Ta sunsuna lakar, ta duba wayar, hawaye na zuba. Lakarta na da rai, ta ma fi yadda ta bar ta ƙoshi.

"Inna, ara mini ludayi da 'yar ƙwarya."

Ta zura ludayin a hankali ta gefe, ta ɗebo laka daga can ƙasa, ta rufe ƙwaryar da faifai. Fitilar ta ɗauke, can sai ta kawo.

"Wannan ta ishe ni iri, Yallaɓai. Sauran ba tawa ba ce."

Riskuwa ya karɓi ƙwaryar ya juya ta. Ya yanke a ransa cewa shaida ba sai ta cika tukunya ba.

Inna Baiwa ta wanke hannu, ta yafa mayafi, ta bi su zuwa mota don ta ba da bayani. A zaure ta tsaya ta waiwayo.

"Malam, albasa na nan bakin ƙofa. Kar ka cika mata, kaɗan-kaɗan taka so."

"Tahi abinki," in ji Dikko daga ɗaki. "Ki iske ni cikin ruwa."