Dutsen da Ke Shan Ruwa

Da la'asar sakaliya, a ƙarshen hunturu na uku da gina sabon ɗakin, Behiya na tsaye a bakin murhu tana dafa kofi sai ta ji wani abu ya faɗa cikin faranti, ƙwal. Tsakuwa ce rawaya mai huji-huji, jiƙe da ruwa. Taga a rufe take. Ta dubi mijinta Ragib da ke cire takalmin aiki a bakin ƙofa.

"Kai ka shigo da ita a aljihu?"

"Ni yaro ne?" in ji shi. Amma da ya karɓi tsakuwar ya juya ta a tafin hannu, kofin ma bai sha ba.

Washegari uku suka faɗo, bayan kwana biyu cike da hannu. Kullum tsakanin la'asar da magariba, lokacin da inuwar tsauni ke rufe ƙauyen, karnuka su yi tsit. Kuma kullum daga wajen sabon ɗakin suke zuwa, inda 'yarsu Zumra ke kwana.

Duk ƙauyenmu na tsaunukan Bosniya babu maginin da ya kai Ragib sanin dutse, babu kuma wanda ya kai shi son a san ya sani. Ko ba ka tambaye shi ba sai ya gaya maka: baƙin dutse na wurin fasa dutse zai ga jikokinka, fari ba laifi, amma rawayan nan na gindin magangarar ruwa soso ne, yana shan ruwa, in ƙanƙara ta kama shi sai ya tarwatse daga ciki. To, a shekarar ginin, ana gobe za a yi gayyar zuba rufin kankaren ɗakin Zumra, ruwa ya cinye hanya, tifar tsakuwa ta kasa hawowa. An yanka rago, an gayyato maza talatin. Ragib ya ga ba zai iya jin dariyarsu ba. Da sassafe ya ja keken doki zuwa magangarar da ke bayan tsohon injin niƙa, inda ko awaki ba a kaiwa, ya farfasa rawayan dutse ya gauraya da ɗan baƙin da yake da shi. Aka zuba rufi, aka ci rago, aka yabi magini.

Ranar tara da fara jifan, Behiya ta leƙa ɗakin da magariba ta tarar da Zumra tsaye a tsakiya, hannu biyu sama, tafuka a buɗe kamar mai tallafar kaya. Gumi na zuba mata cikin wannan sanyi. Uwar ta ja hannun, ya ƙi sauka. Sai da aka kira isha yarinyar ta zube ƙasa, ba ta tuna komai ba. Haka kowace yamma. Likitan birni ya duba ya ce lafiyarta ƙalau, ya ba ta maganin barci. Zumra ta rame, kafaɗunta suka kumbura, tsoro ya cika gidan har ba a iya cin abinci.

Aka ɗauko Hoja Nezir, tsohon malamin da ke duba masu iska a kwarinmu. Ya zauna a kan sallaya a gaban yarinyar, ya yi ta karatu a hankali har hasken taga ya dushe. Can sai bakin Zumra ya buɗe, murya ta fito, ta tsohuwa, mai haki.

"Sassauta, malam. Da kaya a kaina."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi komai ba. Tambayi mai gudumar can da ya raɓe a bango."

Ragib ya sunkuyar da kai.

"Gidanmu ya fasa," in ji muryar. "Da jikokina a cikin ramukan dutsen ya kwaɓa mu da siminti. Hunturu na farko dutsen ya sha ruwa, na biyu ya tsage, bana ya zama gari. Kuna zaton rodi ne ke riƙe da rufin nan? Ni ce. Na yi jifa ku fita, kun share. Hannuna ya mutu, shi ne nake aron nata."

"Fita daga jikinta, ko in ƙona ki da ayar Allah."

"Ƙona ni mana. Sai ka riƙe rufin da rawaninka."

Hoja ya ɗaga kai ya dubi rufin. Fari ne tas, fenti sabo, ba ko tsaga. Ya juya ga Ragib.

"Magini, gaskiya take faɗa?"

Behiya na kallonsa, maƙwabta biyu da suka zuba rufin da hannunsu na tsaye a ƙofa. Ragib ya ɗago kai.

"Gaskiya ne, Hoja. Ni na zuba shi. Na kuma san abin da nake zubawa."

"Me kike so?" Hoja ya tambayi muryar.

"Ya mayar mana da dutsenmu bakin ruwa, a gadon bayansa, ba a keke ba. Har ƙwaya ta ƙarshe."

"Zai mayar. Ki ba mu lokaci zuwa gobe da hantsi mu kwashe kaya."

"Gobe? Malam, ka karanta Fatiha ɗaya. Iyakar ƙarfina ke nan."

Hoja ya miƙe, ya fara da bisimilla, yana jan kowace kalma yadda bai taɓa ja ba. Behiya ta fita da gudu. Ragib ya sungumi 'yarsa, hannuwanta har yanzu a sama, sandararru kamar itace, sai da ya karkata ta kafin ta wuce ƙofa. Tsohon ya biyo su da baya-baya, bakinsa bai tsaya ba.

A tsakar gida, cikin dusar ƙanƙara, ya kai ƙarshen sura. Suka ce amin.

Hannuwan Zumra suka sauko a wuyan ubanta. Ta buɗe ido ta ce, "Baba, sanyi nake ji."

Ya ƙara rungume ta. A bayansu rufin ya sauka gaba ɗaya a kan gadonta.