Ina Za A Binne Mu?

A zamanin sarki na tara, shekara uku bayan yaƙin da ya cinye samarin garin, kaka ta yi amma babu hannun girbi. Ganuwa ta yi wa mutanenta yawa. Unguwa biyu ciyawa ta rufe su, kasuwa kuwa kafin azahar ta watse.

Sarki ya ɗora wa Galadima nauyin cika garin. Wata biyu ya yi yana tare ayari a mararraba, yana lallashin fatake kamar mai talla. Daga ƙarshe ya dawo da marina gida arba'in waɗanda yaƙi ya koro, da iyalansu da tukwanensu na baban rini.

A fada aka yi musu alkawarin gidaje da gonaki da rijiya. Tsohon da ke shugabantarsu ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya. In mun mutu, ina za a binne mu?"

Waziri ya gyara murya, ya sake gyarawa. "To, ai, wato... maƙabartar cikin ganuwa ta 'yan asali ce. Baƙo waje ake kai shi. Haka muka tarar."

Galadima ya ji kamar ya jefe shi da rawani. "Su wa suka rage 'yan asalin, Waziri? Ni da kai da awakin Madaki?"

"Kakannina ba su saba da warin baba ba."

"Kakanninka shekara hamsin rabonsu da shaƙar wani abu!"

Aka dubi sarki. Sarki ya dubi tsofaffin fada, ya ce a bar maganar sai bayan damina.

Washegari marina suka ɗaura kaya. Galadima ya bi su har ƙofar gari, ko takalmi babu.

"Baba, ku tsaya. Na ba ku wurin kabarina."

Tsohon ya yi murmushi. "Mu duka a rami ɗaya, Galadima? Ba za mu haifi jikoki inda ake ƙyamar gawarmu ba."

Suka sauka tafiyar rabin yini daga ganuwar, kasuwa ta bi su.

Masu ba da tarihi sun ce ranar da Galadima ya rasu, ba a sami mai ƙarfin haƙa kabari a garin ba. 'Ya'yan marina ne suka zo da shuɗayen hannayensu, suka ɗauke shi, suka binne shi kusa da tsohonsu.

Haka mulki kan tsare matattunsa ya saki masu rai. Maƙabartar cikin ganuwar ita ce unguwa ɗaya da ba ta taɓa raguwa ba, kuma har yau babu baƙo a cikinta.