Ranar da Gulbin Maje Ya Toshe

Tun kafin ladan ya yi kiran farko Nomau ya rataya bindigarsa ta toka, ya soke barandami a ɗamara, ya je ya buga wa taubashinsa Arzika ƙofa. Bisa lissafi tsakiyar sanyi ake, amma babu wanda ya yafa bargo a cikinsu. Shekarar nan sanyi ya yi alkawari ya saɓa. Itacen da tsofaffi suka tara don jin ɗumi gara ce ta ci moriyarsa, mutane kuwa sai yabon sauƙin da aka samu suke yi.

Damo suka fita nema. A sanin maharban yankin, idan sanyi ya kama, damo yakan shige rami ya sandare, macijin da ke maƙwabtaka da shi ma haka, sai mutum ya zura hannu ya jawo nama kamar mai ɗaukar tuwo a kwano. Sai dai bana ba wanda ya sanar da macizai cewa lokacin barcinsu ya yi.

Gari na wayewa suka iso mashigin Gulbin Maje. Ruwan da kwanan nan yake kai wa mutum ƙirji ya koma iya idon sawu, tarwaɗa na ta birgima cikin laka. Arzika ya ce Allah ne ya rage musu wahala, Nomau ya amsa da amin. Babu wanda ya tambayi inda ruwan ya tafi.

A ƙetare ciyawa tana nan kore shar, ta ƙi bushewa balle a ƙone ta. Da hantsi suka ga sawun jan jelar damo a kan yashi, ya miƙe zuwa wani suri a gindin ƙirya. Arzika ya durƙusa, ya naɗe hannun riga, yana cewa Nomau ya matso ya koyi sana'a. Nomau ya ji wata ƙara daga ramin, kamar ana goga yashi a bayan ƙwarya. Kafin ya buɗe baki Arzika ya fizgo hannu, kububuwa na reto a ɗan yatsansa.

Nomau ya sare ta, ya jefa ta a burgaminsa na fata don a nuna a asibiti, ya ɗaure hannun a jikin sanda, ya goya Arzika. Kafin su fita daga kurmin hannun ya kumbura har gwiwa, yawun da ke zuba a kafaɗar Nomau kuwa ya zama ja.

Ya yanke ta gajeriyar hanya, sai ya ɓullo sama da mashigi, inda gulbin ke matsewa tsakanin duwatsu biyu. Nan ya ga inda ruwan ya tafi. Kainuwar da sanyi ya saba kashewa ta yi ƙiba bana, ta haɗu da kututturan giginya da rassan da ruwa ya kwaso, suka cushe maƙogwaron gulbin. A bayansu ruwa ya taru ya zama tafki, ya shanye gaɓa. Tulin yana nishi kamar tsohon ƙyaure, ruwa na tsartuwa ta tsakanin kututturan. Gada tana can nesa, ba a isa gare ta sai rana ta faɗi, dafi kuwa ba ya jiran mai tafiyar ƙasa.

"Sauke ni, bawana," in ji Arzika, murya ƙasa-ƙasa. "Mutum ɗaya ya ishi gulbi."

"Rufe mini baki. In ka mutu, wa zan riƙa zagi?"

Nomau ya gangara mashigin. Laka ta kama shi har ƙwauri, kowane taku sai ya roƙe ta ta saki. Suna tsakiya wani abu ya karye a bayansu da ƙarar da ta fi ta bindigarsa. Iska mai wari ta fara iso su, sannan rugugi. Nomau bai waiwaya ba. Ya cire bindigar da ya gada daga mahaifinsa ya yar, ya bi ta da barandami, ya saki takalmansa a laka. Ruwan ya doke shi a ƙugu ya ɗaga shi sama. Da hannu ɗaya ya riƙe Arzika a wuyan riga, ɗayan ya kai wa saiwar wani ɓaure cafka. Kututturen giginya ya wuce ta gefensu, ya tafi da fatar haƙarƙarinsa. Da gwiwa da haƙori ya jawo su biyun bisa gaɓa.

Wani mai babur ne ya kai su asibiti. Arzika ya rayu, amma ya baro ɗan yatsa a can.

Da ya farfaɗo, ya daɗe yana duban Nomau, ba bindiga, ba takalmi, ƙirji naɗe da bandeji. Sannan ya tambaye shi ina damon.