Tsamiyar Dada

A cikin adaidaita sahu suka haɗu a Dutse, ranar da ruwa ya tsare mutane a hanya. Sadisu ɗan Miga ya miƙa wa Afra'u lemarsa, ta karɓa ba ta ɗago ido ba. Kafin kaka yana kiranta Sanyina.

Mahaifinta, Malam Abdulrauf, mai makarantar Alƙur'ani a Garki, ya aika a yi bincike. Aka ce yaron mai sallah ne, amma kakarsa Dada, wadda ta rene shi yana maraya, Bamagujiya ce. Har yau tana yanka kaza a gindin tsamiyar gidanta kafin shuka, a nan ne kuma aka binne mijinta. Malam ya ce ba zai haɗa zuri'a da gidan tsafi ba sai an sare tsamiyar.

Sadisu ya kasa. Dada ce fa ta kai shi makarantar allo da hannunta, ita ke dafa masa sahur alhali ba ta azumi. Ya tura saƙo:

"Sanyina, in na sare ta na kashe Dada. In na bar ta na rasa ki. Ki yafe min."

"Kada ka taɓa ta, Nawan. Zan jira ka."

Wata biyar suna ramewa, sannan Sadisu ya zo wurina, ni dattijon garinsu. Ni ban taɓa riƙe alƙalami ba, amma na binne sa'annina kaf, yunwa da sanƙarau sun gwada ni sun haƙura. Babu gidan da ban san tushensa ba a ƙasar nan. Na hau mota sai Garki.

Malam ya yi min bayani cewa Musulunci bai fito daga tsafi ba, haka saƙon Annabi Musa da na Annabi Isa, duk rushe shi suka zo yi. Na ce na yarda.

"Amma mutanen fa, Malam, daga ina suka fito? Mahaifin Annabi Ibrahim gumaka yake sassaƙawa. Kakanka kuwa, da idona na gan shi yana zuba giya a gindin dutse kafin ya musulunta."

Daga ƙarshe Malam ya ce a turo magabata, a bar tsamiyar.

Sadisu ya garzaya Miga da albishir, sai ya tarar da tsakar gida fayau. Ashe Dada ta ji zancen a bakin mata, ta kira masu sara da kanta. Tana zaune kan kututturen, cikin rana.

"Bar kuka, ɗan nan. Kakanka zai fi son ya ji ƙafar yara a gidan nan."

Bayan ƙaramar sallah aka ɗaura aure. Afra'u ta durƙusa, Dada ta dafa kanta ta ce su zauna lafiya. Dada ba ta ga damina ba, ta rasu.

Allah ya albarkaci gidansu da zuri'a. Ita kuwa Dada, Shi ya san tsakaninsa da ita.