Farar Ƙasa a Kabarin Mama

Ranar Asabar da hantsi Mis Icilda na feraye doya a baranda, mijinta Mas Linval ya miƙe gwiwarsa mai ciwo a kan benci, sai ga 'yarsa Verona ta sauko daga motar birnin Kingston, fuska a murtuke. Ta ji wai Baba zai je rubuta wasiyya.

Shekara tara ke nan da ya auri Icilda, bayan rasuwar uwar Verona, wadda aka binne a bayan gida ƙarƙashin mangwaro, kusa da kakanni. Tsoho ne da tsohuwa, amma har yau in za ta coci shi ke gyara mata zaman hula.

Verona ko ruwa ba ta sha ba ta fara. Ta ce in ya bar wa matarsa gidan, ranar da ita ma ta mutu 'ya'yanta na auren fari za su gada, su sayar har da ƙasusuwan Mama. Shi kuma ya buga sanda a ƙasa, ya ce in ya bar wa Verona, wa ya san ko za a watso wa Icilda kaya waje tun ana zaman makoki?

"Baba, da furfurarka soyayya ta rufe maka ido."

"Ke kuma Kingston ta cinye miki kunya. Zauna ki ci doya."

Ran Litinin uba da 'ya suka je gaban wata lauya. Lauyar ta ce wasiyya iri biyu ce. Mai sauƙi, ka ba mutum gida ya zama nasa, magana ta ƙare. Ta amana kuwa, a damƙa gidan a hannun amintacce: Icilda ta zauna iya rayuwarta, ba mai korarta, ita ma ba ta sayarwa, bayanta ya koma ga Verona. Ta gargaɗe su cewa wannan ta fi ɗawainiya, kuma in amintaccen ba ya ƙaunar tsohuwar, takarda ba za ta toshe mata yoyon kwano ba. Linval ya ce Verona yake so ta riƙe amanar. Verona ta ce ita ba mai gadi ba ce, ta fice.

Suna dawowa suka tarar da akwatin Icilda a ɗaure. Ta ce gobe za ta wurin ƙanwarta a garin Mandeville. Ba don kwano da katako ta aure shi ba, kuma ba za ta raba uba da 'ya ba. Tsohon nan mai baki kamar reza ya zauna bakin gado yana hawaye, ya riƙe gefen rigarta.

Da safe Verona ta zagaya gaida kabarin uwarta. Sai ta iske Icilda durƙushe da bokiti da buroshi, tana shafa masa farar ƙasa, alhali saura mako uku a yi shafen da aka saba yi wa kabarin duk Kirsimeti.

"Ba zan kai Kirsimeti a nan ba," in ji Icilda, ba ta ɗago ba. "Babanki kuwa ba ya iya durƙuso."

Verona ta dubi kabarin, ta dubi tsohuwar. Duk shekara Baba take yi wa godiya in ta zo ta ga kabarin fari tas.

"Mis Icy, dama ke ce?"

"Ita ta dasa mangwaron da nake sha, 'yata. Ai sai in gyara mata ɗaki."

Verona ta durƙusa da siket ɗinta na birni, ta karɓi buroshin, hawaye na ɗiga cikin bokitin.

A ranar ta kwance akwatin da hannunta, ta ja ubanta suka koma wurin lauya. Ta karɓi amanar, ta kuma sa aka ƙara layi ɗaya: in kwanan Mis Icilda ya ƙare, a binne ta ƙarƙashin mangwaron, Baba a tsakiya.

Linval ya share ido ya ce, "To, ko a can ma ba za ku bar ni in huta ba."

Haƙurin Icilda ya ba ta gida da 'ya. Mai iyali biyu ya dubi wasiyyar amana, amma ya sani lauya takarda kawai yake rubutawa. Riƙon sai zuciyar da aka saya da alheri.