Keken Ɗinkin Umma

A falon gidan akwai wani baƙin keken ɗinki da aka lulluɓe da zane, kuma tun rasuwar Umma babu hannun da ya taɓa shi. Amarya haka ta tarar da shi. Ba ta riski surukar tata da rai ba, amma ta san ta kamar sun zauna tare, don ba a wuni a gidan ba a ambace ta ba. Mijinta, wanda ake kira Injiniya duk da firji kawai yake gyarawa, in ya ɗauko labarin Umma har abincinsa ya huce bai sani ba.

Wata rana da hantsi maƙwabciyarsu ta shigo a rikice, riƙe da rigar aikin mijinta. Ya samu aikin gadi, da yamma zai fara, rigar ta yi masa yawa kamar buhu, telan layin kuma bai buɗe ba.

"Da Umma na nan..." ta faɗa, tana duban keken.

Amarya ta iya ɗinki tun a gidansu, kuma tausayi bai bar ta ta yi dogon tunani ba. Ta karɓi rigar, ta yaye zanen, ta ɗiga wa keken mai, ta hau takawa.

Ƙarar ce ta fito da surukinta, Baba, daga ɗaki. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonta, idonsa ya ciko, ya juya ya koma ciki. Daidai nan Anti, babbar yayar Injiniya, ta shigo gaishe da mahaifinta, ta ga komai.

"Wa ya ba ki izini?" in ji Anti. "Mu da ta haifa ba mu taɓa shi ba, sai ke daga zuwa jiya? Kin sa tsoho kuka, hankalinki ya kwanta?"

Nan take ta kira ƙanenta a waya. Ya iso hannunsa duk baƙin mai, ko zama ba ta bari ya yi ba. "Ko ta bar gidan nan yau, ko ni da kai mun raba gari. Ka zaɓa."

A ɗaki ya tarar da Amarya tana zuba kaya a akwati, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Sori, wallahi ban yi don raini ba," ta ce. "Ba na so ka rabu da 'yar'uwarka saboda ni."

Ya rufe akwatin a hankali. "Babu inda za ki. Anti ta goya ni, ke kuma matata ce, ba zan yar da ko ɗaya ba. Tashi mu je wurin Baba."

Ta durƙusa a ƙofar ɗakin tsohon, ba ta kare kanta ba, haƙuri kawai ta bayar. Baba ya fito ya zauna, ya dubi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya ce muku ɓacin rai ne ya sa ni kuka? Tun da uwarku ta tafi, sai yau na ji gidan nan ya yi numfashi." Ya goge ido. "Riga ɗaya gare ni lokacin da na aure ta. Don ta riƙa yi mini faci ta koyi ɗinki. Daga ni ta koma kan maƙwabta. Ku bi layin nan, da wuya ku sami gidan da babu maɓallin da ta ɗinka. Ke babbarsu, kin manta yadda take muku faɗa da allura a baki, ba ku jin abin da take cewa, kuna ta dariya? A gadon asibiti ma, tana ganin aljihun nas ya yage ta ce a miƙo mata zare. Wannan matar ce za ta ji haushi don an rage wa maƙwabci riga?"

Anti ta fashe da kuka. "Baba, ni na rufe keken. Tsoro nake in ji ƙararsa in waiwayo ban gan ta ba."

"Na sani, 'yata. Ni ma tsoron ne ya hana ni magana."

Anti ta miƙe, ta kamo hannun Amarya ta tashe ta.

"Ki yafe mini, ƙanwata. Kuma ki daina takawa da sauri, zaren ƙasa tsinkewa yake. Zo in nuna miki yadda Umma ke lallaɓa shi."

Kafaɗa da kafaɗa suka ƙarasa rigar, Injiniya na gefe yana ba da shawarar da babu wanda ya tambaye shi. Amarya ta ji wani sanyi a ranta, ta san yau ta zama 'yar gida, kuma haƙurinta ne ya kai ta ga haka. A ranar suka gane cewa ba a riƙe mutumin kirki ta hanyar kulle kayansa. Alherin da ya saba yi ake ɗauka a ci gaba, a nan ne yake zama da rai a cikin nasa.