Rigar da Aka Aiko wa Lawali Mai Jita

Ranar da Wasila ta fara ganin Lawali ba ta ɗauka makaɗi ba ne. Daminar 1974 ce, ta zo Gusau daga Bungudu taya Gwaggonta Ma'u aikin jego. An aike ta kasuwa sayen kanwa, ruwa ya tsuge, ta fake a rumfar wani mai gyaran keke. Nan ta tarar da wani siririn saurayi a tsugune yana warware wayar birki sili-sili, in ya cire ɗaya ya ja shi ya ɗana kusa da kunnensa.

Mai gyaran keken ya ga tana kallo, ya ce, "Kin ga wanga? Ko taya bai da, amma shi ka ƙare man wayar birki."

Saurayin ya yi murmushi ya ce, "Tsirkiyar jita ce ta tsinke, ƙanwata. Ta kanti sai Kano, kuma gobe muna da wasa."

 Yatsunsa kawai ta duba, ta ga kan kowane ɗaya na hagu ya yi kanta. Da ruwa ya ɗauke ya bi ta daga nesa har ya ga gidan da ta shiga.

Daga nan ya fara zuwa zance. Ta san ɗan Tsafe ne, iyayensa sun rasu yana ƙarami, aka kai shi barikin soja a Kaduna wajen wani ɗan'uwansu, can ya koyi jita a hannun masu badujala. Da rana yana aiki a masaƙa. Asabar da Lahadi kuwa yana kiɗan zamani da ƙungiyar 'Yan Walƙiya a wani otal na Sabon Gari, su da jita da ganguna da ƙaho. Shi ke ta magana, ita tana wasa da bakin mayafinta. Sau da yawa yakan ce, "Wasila, ko sau ɗaya ki ce mini wani abu in riƙe." Sai ta ce, "Gwaggo na kira."

Bayan ta koma gida, Kawunsa Gambo ya zo daga Tsafe neman izini wajen mahaifinta, Alhaji Tukur, manomi mai sayen auduga. Alhaji ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike.

Wannan duk shi take tunawa a wata safiyar Lahadi tana tsintar shinkafa a tsakar gida, don Gwaggo Ma'u ta aiko cewa Lawali na nan tafe gaishe da Alhaji. Har ma an ce Alhaji ya aika masa da babbar riga. Tun asuba zuciyarta take fari.

Mahaifiyarta, Inna Lantana, ta fito ta zauna kusa da ita.

"Wasila, aje tiren ga. Kin san dalilin rigar?"

"An ce Baba ne ya aika, Inna."

"Shi ya aika. Mu'azu direba ya kwana Gusau wancan sati, ya ji da kunnenai. Yaron ga ya tsaya gaban lasifika, inda aka shan giya ana rawa maza da mata, ya ce waƙar da za su yi ta Alhaji Tukur na Bungudu ce, uban marayu, mai auduga. Anka yi ta tafi. Kafin Mu'azu ya sauke kaya magana ta kai masallaci."

Wasila ta ce, "Inna, girmamawa ya yi nufi."

"Na sani. Amma wanda anka kira sunanai cikin kiɗi, biya shi ka yi, in ba haka ba a ce marowaci ne. Babanki ya biya. Rigar ba ta suruki ba ce, ɗiyata. Ta maroƙi ce."

Shinkafar ta zube a ƙasa, ba wadda ta duba ta.

Da hantsi Lawali ya sauka daga mota. Wasila ta hango shi ta kafar katanga, ya sha rigar, farar shadda mai aiki har ƙirji, yana tattare ta a kafaɗa irin na wanda bai saba ba, fuskarsa cike da murna. Ta so ta ƙwala masa kira ya koma. Amma ya riga ya kai ƙofar gida. Ta lallaɓa bayan ƙofar zaure ta tsaya.

Ya yi sallama ya durƙusa. Dattawan da ke zaune da Alhaji suka amsa a ciki-ciki. Wani daga cikinsu ya ce, "A'a, maroƙin Alhaji ne. Yau ba kirari?"

Lawali ya ɗaga kai bai gane ba. Ya ce, "Baba, na zo godiya ne. Na ga saƙo."

Alhaji Tukur ya ce, "Ta yi maka kyau. Yaro, ni ba ni ƙin ka don jitarka, ban gama bincike ba ma. Amma ka ɗauki sunan da ubana ya raɗa man ka kai shi inda ban taɓa taka ƙafa ba. Ka yi man waƙa, na biya ka. Ka taɓa jin wanda ya tufatar da maroƙinai sannan ya ba shi ɗiya?"

"Baba, a wajenmu in an ce waƙa ta wane ce, ba roƙo ba ne. Ba mu karɓar ko kwabo..."

"A wajenku. Nan Bungudu ne."

Lawali ya miƙe a hankali ya tuɓe rigar, ya ninke ta, ya miƙa da hannu biyu. Alhaji ya kawar da kai.

"Kyautar da ta fita gidan ga ba ta komowa. Sauka lafiya."

Haka ya fito daga shi sai 'yar shat, riga a hammata, yara na kallonsa har bakin titi. Wasila ta shige ɗaki ta kifa kai a kan gadon Inna, ta yi kukan da ba ta taɓa yi ba.

Lawali bai koma Gusau ba, Tsafe ya wuce. Kawu Gambo ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Laifina ne da na bari bariki ta rene ka. In ka riƙe riga, kai maroƙi ne. In ka mayar, ka zage shi. To saura hanya ɗaya. Maroƙi da baki shi ka ci. Suruki kuwa a gona aka sanin shi. Ka iya fartanya?"

"Ban taɓa riƙewa ba, Kawu."

"To ka koya."

Lahadin da ta biyo baya, masu aikin gonar Alhaji da ke Karakkai suka ga abin mamaki. Samari sun sauko daga akori-kura da wanduna masu buɗaɗɗiyar ƙafa da suma buya-buya, kowa da sabuwar fartanya. Lawali ne ya gayyato 'yan ƙungiyarsu gayyar suruki. Dogo, mawaƙinsu kuma shugabansu, ya nome kunya ɗaya ya dafe ƙugu.

"Lawali, a duniya makaɗa ke yi wa manoma kiɗa. Mu ne kaɗai makaɗan da aka kawo noma babu mai yi mana ko tafi."

Kafin azahar mai ganga ya sare dawa ya bar ciyawa, mai ƙaho ya kwanta gindin kaɗanya. Aka kai wa Alhaji labari. Ya ce, "Ban kira su ba. Amma gona ba ta korar mai noma. A ba su fura."

Sauran ba su ƙara zuwa ba. Lawali ne ya ci gaba shi kaɗai, duk Lahadi, ya yi noma har la'asar ya koma Gusau ya hau dandamali da hannu a kumbure. Alhaji kan wuce a kan keke, Lawali ya durƙusa ya gaishe shi, ya amsa bai tsaya ba.

Ana cikin haka wani kamfanin faifai na Legas ya aiko wa 'Yan Walƙiya su zo a ɗauki waƙoƙinsu. Abin da Lawali yake mafarki ke nan tun yana bariki. Sai dai ana saura kwanaki kaɗan ƙaya ta soke shi a yatsan tsakiya na hagu wajen cirar ciyawa. Ya raina abin. Yatsa ya kumbura ya yi ruwa, har sai da aka tsaga shi a asibiti.

Dogo ya same shi a ɗaki ya ce, "Ɗauki jitar mu gani."

Lawali ya ɗauka. Yana danna tsirkiya gumi ya karyo masa, sautin ya fito a dakushe.

Dogo ya ce, "Sori, abokina. Kwantiragi ne, ba za su jira ba. Ka sayar da Legas a kan gonar mutumin da ko sunanka ba ya kira. Wallahi ban san ko wauta ce ko me ba."

"Ni ma ban sani ba, Dogo. Ku gaida Legas."

Ya raka su tashar jirgin ƙasa da hannu a naɗe, ya taya su loda ganguna da ɗaya hannun.

Bayan watanni faifan ya fito. Wata rana da yamma Wasila na daka, rediyon Inna na kan taga, sai ta ji an sa waƙar 'Yan Walƙiya. Ta san ta, don Lawali ya sha rera mata ita a ƙofar Gwaggo tun ba ta da baiti. Da aka zo gurbin jita ta ajiye taɓarya. Kiɗan nasa ne, amma hannun ba nasa ba ne, wannan yana sauri kamar ana korarsa. Mai gabatarwa ya jero sunayen 'yan ƙungiya, babu Lawali.

Inna Lantana ta ce, "In kashe?"

"Bar shi, Inna. Ina son in ji abin da ya rasa."

Manema sun zo mata a wannan shekara, har da ɗan wani attajirin Gusau. Alhaji bai tilasta mata kowa ba, ita kuma ba ta fita wurin kowa ba. Ba ta yi wa mahaifinta tsiwa ba, ba ta aika wa Lawali saƙo a ɓoye ba. Tana kai wa Alhaji ruwan alwala kamar kullum, sai dai zanen da take ɗaurawa ya fara yi mata yawa.

Yatsan Lawali ya warke amma ya sandare, ba ya lanƙwasuwa. 'Yan Walƙiya suka zauna Legas. Shi kuwa bayan tashi daga masaƙa yakan rufe ɗaki ya sake koyon jita da sauran yatsun, kamar yaron da ya fara jiya. Ya tara wasu samari suka kafa ƙaramar ƙungiya, suna wasa a makarantu da bukukuwan ma'aikata. Da ruwan shuka ya sauka, Lahadin farko, sai ga shi a Karakkai da fartanyarsa.

Ran nan Alhaji ya tsayar da keke.

"Lawali."

Karo na farko ke nan da ya kira sunansa. Lawali ya durƙusa a cikin kunya.

"Mu ga hannun." Ya duba yatsan ya daɗe. "An ce wanga ya hana ka Legas."

"Haka Allah ya so, Baba."

"Ka zo gida Lahadi mai zuwa bayan la'asar. Kai da Kawunka in ya samu."

A ɗakin Alhaji aka zauna, shi da Kawu Gambo da Inna Lantana, Lawali a bakin ƙofa. Alhaji ya ce, "Tambaya ɗaya gare ni. In na ba ka Wasila, za ka aje jita?"

Kawu Gambo ya ƙyafta wa Lawali ido, alamar ya ce e. Lawali ya sunkuyar da kai.

"Baba, in na ce zan aje, ƙarya na yi maka, kuma za ka kama ni. Ita na iya, ita nake so. Abin da zan iya ɗauka shi ne, na bar wasa inda ake shan giya, kuma sunanka ko na wani naka ba zai ƙara fita bakina a gaban lasifika ba."

 Kawu Gambo ya dafe goshi.

Alhaji ya ce, "Da ka ce e da na sallame ka. Maroƙi shi ka faɗa wa mutum abin da shi ka son ji. Wanga bai iya ba." Ya juya wajen matarsa. "Kira ta."

Wasila ta shigo ta durƙusa a gefen mahaifiyarta, mayafi har goshi.

"Wasila, an ce shirun budurwa yarda ce. Yau shiru bai isa ba. Yaron ga ya biya nashi, har da yatsa. Saura naki, kuma naki ya fi tsawo. Za a ce miki matar makaɗi a gidan biki. Za a ce wa ɗiyanki ɗiyan makaɗi. Ba ni son ki ɗauka yau, gobe ki dawo man da ƙunshin kaya kina cewa ba ki iyawa, ko ki zauna kina yi mai gori har ya tsani sana'arsa. Faɗa man da bakinki."

Wanda ya yi kuskure bai yi gardama ba, ya sunkuya ya gyara da guminsa, ba ya rasa mai buɗe masa ƙofa. Wadda kuma ta jira iyayenta ba ta tsallake su ba, rana na zuwa da su da kansu za su nemi jin ta bakinta. Wannan ranar ce ta zo wa Wasila. Inna Lantana ta taɓa mata gwiwa.

Ta ɗaga kai kaɗan. Hawaye na zuba, amma muryar ta fito sarai, har Lawali da ke bakin ƙofa ya ji.

"Baba, na ɗauka. Duk wadda ta ce mini matar makaɗi zan amsa, ba zan sunkuyar da kai ba. Ba zan taɓa ce masa ya aje jitarsa ba, ba kuma zan dawo gidan nan a kan wannan magana ba. Shi nake so, Baba. Da shi zan zauna har iyakar kwanana."